Baba ya ce ba za a koyi aski a wuyan ɗansa ba

Akwai wani dattijo a layinmu nan cikin garin Bauchi, kowa Baba yake ce masa. Ɗansa na uku ɗan acaɓa ne, watannin baya mota ta kwashe shi a hanyar Ningi da la'asar, ya faɗi ta ka, ko da aka ɗago shi ƙafafu ba sa motsi, hannu ma sai dai ya ɗaga kafaɗa ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannu. Aka kai shi wani babban asibiti aka yi hoto, aka ce ƙashin wuya ne ya goce, sai an buɗe ta baya an ɗaure da ƙarfe. To da yake an san na daɗe ina aikin nas a ɗakin tiyata, duk wani abu da ya shafi asibiti a unguwa ni ake tasowa, bayan isha'i sai ga Baba da kansa a ƙofar gida. Ko tabarma bai bari an shimfiɗa ba ya ce, "Ɗana, an ce min a can yara ne ke riƙe wuƙa, manyan sai dai su tsaya suna kallo. Ni fa ba za a koyi aski a wuyan yarona ba."

Na ce Baba zauna tukuna a kawo ruwa. Ranar sai da muka kai sha ɗaya na dare muna magana, kuma tun lokacin abin yake min yawo a kai, domin tsoron da Baba ya ji gaskiya ne, amma maganin da ya ɗauko ba zai yi aiki ba.

Wuyan mutum ƙasusuwa bakwai ne an jera su kamar zobe kan zobe, likitoci suna kiransu C1 har zuwa C7 daga sama zuwa ƙasa. Raƙumin dawa da duk tsawon wuyansa shi ma bakwai ɗin gare shi. Ta tsakiyar zobban nan laka ta bi, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, kuma duk saƙon da ƙwaƙwalwa za ta aika wa hannu da ƙafa da mara da hanji ta nan zai wuce. Har numfashi, domin jijiyar da ke motsa tantanin da muke numfashi da shi daga C3 da C4 da C5 take fitowa, shi ya sa wanda ya karye can sama sau da yawa ko asibiti ba a kaiwa da shi. Sannan a kowane gefe, dama da hagu, akwai wata jijiyar jini da ke ratsa wasu ƙananan huda a jikin ƙasusuwan, yawanci daga C6 zuwa C1, tana kai jini bayan ƙwaƙwalwa. Ga kuma jijiyoyin hannu suna fita ta tsakanin kowane ƙashi biyu. A cikin wannan cunkoson ake so likita ya huda ƙashi ya ɗaura sukuru.

Mutane suna cewa "an yi masa walda a wuya", ni ma nakan faɗa don a gane, amma ba walda ba ce. Ka san in za a zuba dakin a gini sai an tokare da katako, har siminti ya kama? To sukuru da rodi su ne katakon. Simintin shi ne ɓarɓashin ƙashi da ake zubawa a wurin bayan an kankare fuskar ƙasusuwan, wani lokaci daga ƙashin ƙugun mara lafiyan ake ɗebowa, jiki da kansa ne zai haɗe su su zama ƙashi guda cikin wata uku zuwa shida, wani ma har shekara. In bai kama ba, komai kyan ƙarfen nan wata rana zai sassauta ko ya karye. Mai shan sigari nasa ya fi wahalar kamawa, wannan sananne ne.

Gurbin da ake ɗaura sukurun wani ɗan dunƙulen ƙashi ne a gefen kowane zobe, faɗinsa kamar farcen yatsa. Sukurun kaurinsa milimita 3.5, tsawonsa galibi wajen milimita 14. Ka miƙe da shi sak, jijiyar jini na gabanka. Ka sunkuyar da shi ƙasa, ka taɓa jijiyar hannu ko ka shiga gaɓar da ba ruwanta. Ka karkata ciki kuwa, laka ce. Don haka ƙa'idar da ake nanata wa mai koyo har ya riƙa mafarkinta ita ce sama da waje, sama da waje. Wani likita ɗan Faransa, Roy-Camille, shi ya fara yaɗa ɗaura sukuru a wannan gurbin, nasa salon a fara daga tsakiya a karkata waje kamar digiri 10. Wani likitan kuma, Magerl, da ya yi aiki a Suwizalan ya zo da nasa, a ɗan matsa ciki kaɗan a fara, a karkata waje kamar digiri 25 a kuma ɗaga sama daidai da kwanciyar gaɓar. To faɗin digiri 25 a baki ba wuya, ko ni na iya. Amma mutum yana kife, jini na tsattsafowa, ƙashin wannan ba irin na wancan ba, na tsoho ya ci ya cinye ya yi ƙahonni, na wanda ya yi haɗari ya goce daga mazauninsa, a nan ne za ka gane lissafin littafi ba ya huda ƙashi. Likita yana huda kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya zura wani siririn ƙarfe mai ɗan dunƙulallen kai ya lalubo bangon ramin ta kowane gefe da ƙasansa, ya ji ko duk ƙashi ne ko ya ɓulle. Ido ba ya ganin wannan. Yatsu ne ke ji. Kuma babu wanda aka haifa da wannan jin.

Can sama a C1 da C2 abin ya fi haka ɗaure kai, wurin cike yake da ƙananan jijiyoyin jini da in ka taɓa su sai ka ga rami ya cika kamar rijiya da damina, kuma a wasu mutane babbar jijiyar nan takan hauro ta shiga inda sukuru ya kamata ya bi, in ba a zauna an karanta hoton siti sikan, mai nuna ƙashi dalla-dalla, da kyau ba kafin a shiga, sai dai a ji labari. Da can wayar ƙarfe ake amfani da ita wajen ɗaurin. Tun 1891 wani likita a Amurka mai suna Hadra ya ɗaure karyayyen wuya da wayar azurfa, Gallie ya fito da nasa salon ɗaurin waya na C1 da C2 a 1939. Ɗaura sukuru a C1 da C2 yadda ake yi yanzu kuwa, Goel na Indiya ya wallafa shi a 1994, Harms na Jamus ya gyara shi da rodi a 2001. Kaga ke nan aikin ba wani tsoho ba ne, akwai manyan likitocin da suka gama horonsu kafin ya yaɗu, su ma da furfurarsu suka koma suka koya.

Yanzu bari mu zo kan "yaran" da Baba yake tsoro.

Wanda zai kai ga riƙe injin huda a wuyan mutum a Najeriya, ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekara 1 ta aikin gwaji a asibiti, ya yi bautar ƙasa, ya ci jarabawar shiga horon ƙwarewa wadda suke ce wa firamare, ya samu gurbi a asibitin da aka amince ya horar, wanda shi kansa samun gurbin wani yaƙi ne. Sannan ya yi shekaru yana zagaya sassan fiɗa, ya ci jarabawar kashi na farko da suke ce wa fat wan ya zama babban rajistara, wato babba a cikin masu koyon ƙwarewa, sai ya tsaya a ɓangaren ƙwaƙwalwa da laka ko ɓangaren ƙashi, domin ta waɗannan ƙofofi biyu ake shiga aikin ƙashin baya, ya ƙara wasu shekaru, ya rubuta kundin bincike, ya zauna jarabawar ƙarshe, fat tu. Hukumomi biyu ke yin jarabawar, kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas wadda aka kafa a 1979, da kwalejin likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma. In ka lissafa za ka ga shekara 14 ko 15 ta tafi in ba a faɗi jarabawa ba kuma ba yajin aiki, abinda kowa ya san da wuya. Wato "yaron" nan ya haura talatin, yana da mata da 'ya'ya, watakila har ya fara sanƙo. Da yawansu kuma bayan sun gama sai sun sake neman shekara guda ko wasu watanni a Indiya ko Masar ko Afirka ta Kudu ko Turai a kan ƙashin baya zalla.

Kuma ba haka kawai ake miƙa masa wuƙa ba. Ni da idona na sha ganin yadda ake hawa tsanin. Shekarar farko aikinsa riƙe ƙarfen buɗe rauni da zuƙe jini, sa'a huɗu yana tsaye ba ya cewa uffan sai an tambaye shi, kuma za a tambaye shi, "wannan mene ne, me ke ƙarƙashinsa", in ya yi shiru ranar ya shiga uku. Daga nan a bar masa ɗinki. Sai a koya masa kifa mara lafiya, wanda mutane ba su san shi ma wani babban aiki ba ne: mutum an sa masa maganin barci, wuyansa a karye, ba tsokar da ke riƙe shi, sai mutum biyar ko shida sun juya shi lokaci guda kamar gungume ɗaya, mai riƙe kai shi ke ba da umarni, a maƙale kan da wani ƙarfe mai tsini uku da ke kama ƙoƙon kai, a duba ido kada wani abu ya danne shi, a ja kafaɗu ƙasa da filasta saboda in ba haka ba su tare hoton C6 da C7. Akwai wanda lakarsa za ta iya lalacewa a wannan juyin tun ba a taɓa wuƙa ba. Bayan ya iya wannan sai a bar shi ya buɗe, ya bi wani farin layi da ke tsakiyar dokin wuya inda ba jini sosai, in ya kauce kaɗan ya faɗa tsoka nan take jini zai tona masa asiri. Sai can daga baya kwansaltan, wato babban likitan da ke koyar da shi, zai ce, to ni zan sa na dama, kai sa na hagu, ya ɗora hannunsa a kan na yaron ya gyara masa kusurwa, ya karɓi ƙarfen lalube ya ji ramin da kansa kafin a ɗaura. Duk wannan ana rubutawa a wani littafi, wanda ya kalla, wanda ya taimaka, wanda ya yi a gaban malami, wanda ya yi da kansa, malamin ya sa hannu. Tsarin zama a asibiti ana koyo mataki-mataki ɗin nan ana danganta shi da likita Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19, a nan gida kuma Farfesa Latunde Odeku ne ya buɗe sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962. A Arewa cibiyar da ke Sakkwato ta su Farfesa B. B. Shehu ta yaye da yawa daga cikin masu wannan aiki, a ɓangaren ƙashi kuma ga asibitin Dala a Kano.

To ina matsalar take? A ganina ba a tsarin take ba, a yawan maimaici take. Hannu sai da maimaici. Kuma abin haushin shi ne marasa lafiya ba su yi mana kaɗan ba, wallahi har sun yi yawa. Hanyar Jos, hanyar Alkaleri zuwa Gombe, hanyar Darazo, ga masu faɗowa daga mangwaro da ɗorawa da kuka, ga mai ɗauke da buhu a ka ya zame, ga wanda rijiya ta rufta da shi, ga tarin fuka da ke cin ƙashin baya, ga tsofaffin da ƙashi ya matse musu laka a hankali har maɓallin riga ya gagare su, ana ta cewa sammu ne ko tsufa. Amma nawa ne cikinsu ke kaiwa kan teburin tiyata? Sukuru da rodin nan na titaniyam ne, daga waje ake shigo da su da dala, kuma mara lafiya ne ke saya daga aljihunsa, ga kuɗin hoton MRI ga siti sikan ga jini ga gadon kulawa ta musamman. Manomi daga Dass ko Ganjuwa da aka faɗa masa jimillar kuɗin, washegari sai ka tarar da gado wayam, 'yan uwa sun sa hannu sun ɗauke shi an tafi wurin mai ɗori. Ina girmama masu ɗori a kan karayar da suka iya, amma wuya ba ƙauri ba ne, ja ɗaya zai iya ƙarasa lakar da ta rage. To duk mara lafiyan da ya tafi haka, shi ya rasa aiki, mai koyo kuma ya rasa darasi. Sai ka ga babban rajistara ya kusa gama horo amma sukurun wuyan da ya ɗaura da hannunsa bai taka kara ya karya ba, alhali takwaransa a wata ƙasa kowane mako yana ciki.

A waje suna cike wannan giɓin da gawa. A zuba gawarwaki a ɗakin koyo, kowa ya huda ya ɗaura, a buɗe a nuna masa inda ya ɓulle, ba wanda ya cutu. Mu a nan wannan akwai nauyi. Musulmi da ya rasu da safe kafin azahar an kai shi makwanci, kuma ga hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, duk da cewa malaman fiƙihu na zamani da dama sun yi sassauci a kan fiɗar gawa don koyon likitanci bisa sharuɗɗa. 'Yan gawarwakin da makarantun likita ke samu galibi waɗanda ba a zo nema ba ne, kuma ɗaliban aji biyu ma ba su ishe su ba balle a ce manya. Saura ƙashin roba, wanda kwasa-kwasan kwana biyu ko uku irin na ƙungiyar likitocin ƙashi ta AO da ke Suwizalan ke amfani da shi, yana koyar da inda za a fara da kusurwa amma ba ya jini kuma ba ya ba ka tsoro. Akwai dabaru masu araha da ni a ganina ba mu ci moriyarsu yadda ya kamata ba. Ana koyon huda a ƙashin bayan tunkiya ko maraƙi, abinda a mahauta ko ranar layya ba ma rasawa. Ana ba mai koyo ɗanyen ƙwai da injin kankara a ce ya cire ɓawon ba tare da ya fasa tantanin ciki ba, wanda ya iya wannan hannunsa ya fara natsuwa kusa da laka. Yanzu har ana iya buga ƙashin wuyan mara lafiya da na'urar 3D daga hotonsa a gwada kafin ranar aiki.

Wani abin kuma da nake yawan faɗa wa matasan likitoci, duk da ni nas ne ba malaminsu ba: wanda ya je waje ya koya da na'urar da ke nuna masa bakin sukuru a talabijin kamar taswirar waya, in ya dawo gida zai tarar da injin hoto ɗaya ne, watakila ana rububinsa da masu karayar cinya, watakila a ɗauke wuta ana tsaka da aiki. Namu likitan dole ya iya da alamomin ƙashi da yatsunsa, dole kuma ya san tsohon ɗaurin waya saboda ranar da sukuru ya ƙi kamawa ko aljihun mai jinya ya gaza. Sannan ga guguwar ficewa waje, wadda ta fi yi mana illa ta wajen malamai. Kwansaltan ɗaya in ya tafi Saudiyya ko Ingila, ba mutum ɗaya aka rasa ba, har da duk waɗanda da za su koya a hannunsa. Asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi da na tarayya da ke Gombe suna karɓar mutane daga jihohi maƙwabta da dama, irin wuraren nan kowane ƙwararre ɗaya da ya zauna ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa duk wannan maganar hannu ce, kuma manyan sukan ce hannu ne mai sauƙin koyarwa. Mai wuyar shi ne sanin wa za a yi wa, ta ina, yaushe. Ta gaba za a shiga ko ta baya? In matsalar faifan da ke tsakanin ƙashi ɗaya ko biyu ce ta danno laka daga gaba, galibi ta gaban wuya ake bi, ciwonsa ma ya fi sauƙi. In matsewar ta kama gaɓa uku ko fiye, ko gaɓoɓin baya sun haye juna sun kulle, ko abin a C1 da C2 yake, sai a fi karkata ga baya. In wuyan ya riga ya ranƙwafa gaba kuwa, ko ka buɗe baya lakar ba za ta samu ja da baya ta huta ba. Sai kuma sanin abin yi in ta ɓaci: in ka huda jijiyar jinin nan a gefe ɗaya, ka toshe, kada ka kuskura ka yi kasadar ɗaya gefen, domin da ɗayar mutum zai rayu. In rigar laka ta yage ruwa na fita, ka iya ɗinkewa. Ka san cewa wasu bayan aiki kafaɗarsu takan mutu na ɗan lokaci saboda jijiyar C5, ka gaya wa 'yan uwa tun kafin a shiga don kada a ce kai ka lalata. Ka iya kallon uba a ido ka ce masa aikin nan ba zai dawo da lakar da ta riga ta mutu ba, za a yi ne don a cece wadda ta rage, a samu zaunar da shi, a juya shi ba fargaba, kada gyambon kwanciya da ciwon huhu su kashe shi. Wannan ba a koyonsa a ƙashin roba, sai ka tsaya bayan malaminka ka ji yadda yake faɗa.

Lokaci ma yana ciki. Wani babban bincike daga asibitocin Kanada da Amurka da aka fitar a 2012 ya nuna waɗanda aka sassauta wa laka cikin sa'a 24 sun fi samun sauƙi. Mu kuwa sa'a 24 ɗin a bayan a-kori-kura take ƙarewa, an naɗe mutum kamar tabarma kai na lilo.

Abinda na ce wa Baba a daren nan shi ne, kada ya je ya ce shi bai yarda mai koyo ya shiga ba, domin aikin nan ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, kuma babban da yake so ɗin shi ma a wuyan ɗan wani ya koya. Na ce Baba ka nemi ganin kwansaltan ɗin da kansa, ka tambaye shi cikin mutunci: ranka ya daɗe, za ka kasance a ciki daga farko har ƙarshe, ka wanke hannu ka sa safa? Ka saba yin irin wannan? Me kake sa ran zai dawo, me ba zai dawo ba? Haƙƙinka ne, kuma likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ya je ya tambaya. Ya ce min likitan bai ɓoye masa ba, ya ce shi zai jagoranta amma babban rajistaransa zai ɗaura na gefe ɗaya a gabansa. Baba ya ce sai da ya yi shiru ya kai minti guda kafin ya ce Allah ya ba da sa'a. Kwana tara aka yi kafin kuɗin ƙarfe ya haɗu, an sayar da saniya biyu da mashin ɗin da ya rage, 'yan ƙungiyar acaɓa suka yi karo-karo.

Yanzu yaron yana gida. Ƙafafu ba su dawo ba. Yana zama a keke, yana ɗaga wuyan hannu har ya maƙale kofi ya kai baki, ƙannensa suna juya shi da dare bisa yadda aka koya musu. Rannan Baba ya kawo min hoton da aka yi a komawarsu ta wata uku, na ɗaga shi a hasken taga, sukuru uku dama uku hagu, duk sun kalli sama da waje. Ya ce, "Ɗana, wanne ne yaron likitan ya ɗaura?" Na juya hoton na sake dubawa na ce Baba wallahi sai dai in an koma a tambaye su.